Jinin Cibiya a Tankin Ƙetare: Shin Kuɗin Ajiyar Shekara-Shekara Yana Biyan Kansa?

A ɗakunan haihuwa na Gombe, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ko Asibitin Mata da Yara na Zainab Bulkachuwa, akwai wata tsohuwa da ba a rasa ta a bakin ƙofa. Wani lokaci uwar mai haihuwa ce, wani lokaci uwar miji ko goggo. Ta ji kukan jariri, ta yi hamdala, amma ba za ta gusa ba sai nas ta miƙo mata mabiyiya a ƙulle cikin leda. "'Yar nan, kada a zubar mana," in ji ta. Nas ta ce, "Haba Mama, ga ta nan." A kai gida, a wanke, a haƙa rami a binne. Haka ake yi a Jekadafari da Bolari da Pantami tun kafin a san asibiti, kuma ba wanda ke tsayawa lissafin ɗan jinin da ya saura a cikin igiyar cibiyar da mabiyiyar, wanda yawanci bai wuce mililita 60 zuwa 120 ba.

A wasu ƙasashe wannan ɗan jinin ya zama haja. Akwai kamfanoni a Amurka da Ingila da Indiya da Afirka ta Kudu da Dubai da sana'arsu ke nan: su zuƙe jinin a cikin jaka mintuna kaɗan bayan haihuwa, su sarrafa shi, su daskarar da shi cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, su ajiye da sunan yaron. Iyaye su biya kuɗi mai kauri a tashin farko, sannan su riƙa biyan kuɗin ajiya duk shekara. Magidancin da ya kai iyalinsa haihuwa Dubai ko Landan zai iya tarar da takardar tallan a cikin kayan awon ciki. Wanda bai je ko'ina ba, tallan ya same shi a Facebook ko Instagram, da hoton jariri mai kumatu da kalaman da ke taɓa zuciyar kowane uba: dama ce sau ɗaya a rayuwa, in an binne ta ta wuce.

Ga mafi yawan gidajen Gombe, har da masu hali, wannan ajiya ba ta biyan kuɗinta. Akwai gida ɗaya da lissafin ke sauyawa, gidan da ya riga ya sami yaro mai sikila kuma uwar tana da wani cikin. Ko a nan ma sai an bi da ido buɗe.

Abin da ke cikin jinin

Ba yaudara ba ce tun daga tushe, dole a faɗi wannan. Jinin cibiya yana ɗauke da ƙwayoyin asali, irin waɗanda ke zaune a cikin ɓargo suna ƙera jini har ƙarshen rayuwar mutum. Idan ɓargon mara lafiya ya lalace, ko sankarar jini ta kama shi, ko ya gaji cutar da ke sa ɓargon ya riƙa ƙera jini mai aibi, likitoci kan kashe tsohon ɓargon da magunguna masu ƙarfi, su zuba masa ƙwayoyin wani mutum ta jijiya, su jira su kama. Shi ake kira dashen ɓargo.

A watan Oktoban 1988, a asibitin Saint-Louis da ke birnin Faris, Farfesa Eliane Gluckman ta yi dashen farko da jinin cibiya. Mara lafiyar yaro ne ɗan shekara 5 daga Amurka, Matthew Farrow, mai fama da wata cutar gado da ke kashe ɓargo, wadda ake kira Fanconi. Jinin na ƙanwarsa ne. Masanin kimiyya Hal Broxmeyer na Jami'ar Indiyana shi ya daskarar da shi aka kai Faransa. Yaron ya rayu ya girma. Daga nan zuwa yau an yi dashe sama da 40,000 da jinin cibiya a faɗin duniya.

Kamfanoni suna son ba da wannan labari, amma a duba shi da kyau. An san cutar Matthew kafin a haifi ƙanwarsa. An gwada ta tun tana ciki, aka tabbatar ba ta da cutar, kuma jikinta ya dace da nasa. Wato an ɗebi jinin ne domin wani mara lafiya da ake gani a kwance, ba domin wata cuta da ake zaton wataƙila ta zo ba. Kuma ba jininsa ne ya cece shi ba, na wata ne.

Daga baya hanya ta rabu biyu. A 1992 Dakta Pablo Rubinstein ya kafa bankin jama'a na farko a Cibiyar Jini ta Niyok, inda uwa ke ba da jinin kyauta, a ajiye domin duk wanda ya dace da shi a duniya. A daidai wannan lokacin kamfanoni irin su Cryo-Cell da ViaCord suka fara ajiyar kuɗi, inda jinin ya zama mallakar iyali ɗaya. Yau bankunan kuɗi sun tara jakunkuna miliyoyi, sun ninka na jama'a sau da yawa, amma mafi rinjayen dashen da aka yi daga bankunan jama'a jinin ya fito.

Zubi da dala

A Amurka, inda kasuwar ta fi girma, kuɗin ɗiba da sarrafawa yakan kama daga dala 1,500 zuwa 2,500, na ajiya kuma tsakanin dala 150 da 300 a shekara. Mu ɗauki tsaka-tsaki: dala 2,000 a farko, dala 200 duk shekara har shekara 20. Ya kama dala 6,000. A canjin naira 1,500 kowace dala, naira miliyan 9 ke nan. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 zai yi fiye da shekara 10 yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara haka. Ba a ma sa kuɗin jirgin da zai ɗauki jinin ba.

Abin da ya fi cizo shi ne kuɗin shekara-shekaran, domin ba da naira ake ƙayyade shi ba. Wanda ya sa hannu a 2015, lokacin da dala take wajen naira 197 a farashin gwamnati, dala 200 ba ta kai naira 40,000 ba, kuɗin da babban ma'aikaci zai biya bai ji a jikinsa ba. A 2024, bayan an saki naira ta nemi farashinta, wannan dala 200 ɗin ta koma wajen naira 300,000. Kamfanin bai ƙara ko sisi ba, amma nauyin ya ninka fiye da sau bakwai. Idan 'ya'ya uku aka ajiye wa, sai a ninka. Adashi ne da zubi ba ya ƙarewa, kwasa kuma ba ta da rana. In ka gaji ka daina zubi, yarjejeniyoyin irin waɗannan kamfanoni yawanci suna ba su ikon zubar da jinin ko mallake shi, duk abin da ka biya a baya ya tafi.

Nan ne tarkon yake. Uban da ya biya shekara takwas yana ganin asara ce ya tsaya yanzu, ga kuma wani tunani da ke hana barci: in na daina bana, baɗi yaron ya kwanta fa? Da wannan tsoron ake sabunta biya, ba da lissafi ba.

Jinin yaro da cutar yaro

To, yaya yiwuwar yaron ya buƙaci jinin nasa? Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta tattara ƙiyasin masana a 2007, ta ga ya kama daga yaro 1 cikin 1,000 zuwa 1 cikin fiye da 200,000. Ta shawarci iyaye kada su yi ajiyar kuɗi don riga-kafi kawai, ta kuma maimaita matsayinta a 2017. Kwamitin ɗa'a na Tarayyar Turai tun 2004 ya nuna shakku kan halascin sayar wa iyaye hidimar da ba ta da wani amfani na zahiri a jinya. Faransa da Italiya ba su yarda a buɗe irin waɗannan bankuna a ƙasarsu ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Cutar gado tana cikin kowace ƙwaya ta jikin yaro tun yana ciki. Jaririn da aka haifa SS, jinin cibiyarsa ma SS ne. In ka daskarar da shi shekara 10 ka mayar masa, sikilar ka mayar masa. A sankarar jinin yara kuwa, binciken Farfesa Mel Greaves a Ingila ya nuna cewa sau da yawa tushen cutar yana nan a jinin tun ranar haihuwa. Bayan haka, likitoci sun fi son ƙwayoyin wani mutum dabam, domin baƙin ƙwayoyin su ne ke farautar ragowar sankarar su kashe. Naka ba za su yi faɗa da kai ba, don haka ba za su yi faɗa da cutarka ba.

Sai kuma yawa. Ana auna ƙwayoyin da ake buƙata da nauyin mara lafiya. Jaka ɗaya takan ishi ƙaramin yaro, amma da wuya ta ishi saurayi mai kilo 60. Kullum yaron yana girma, jakar tana nan yadda take. Bankunan jama'a sukan watsar da fiye da rabin abin da suka ɗiba saboda ƙarancin ƙwayoyi. Bankin kuɗi kuwa yakan ajiye kusan duk abin da ya zo, tunda akwai mai biya.

A 2009 mujallar likitocin yara ta Amurka ta wallafa wani bincike da aka tambayi likitocin dashe 93 na Amurka da Kanada. Duk tsawon aikinsu, sau 50 kacal suka yi dashe da jinin da ya fito daga bankin kuɗi. Sau 9 ne aka mayar wa yaro nasa. Sauran 41 an ba ɗan'uwa ne, kuma a mafi yawansu an san cutar tun kafin a haifi mai jinin.

Masu talla sukan juya zuwa gaba: galahanga, shanyewar ƙwaƙwalwa, ciwon suga, da jerin cututtukan da "ake bincike a kansu". Ana binciken, gaskiya ne. Amma gwajin da Jami'ar Duke ta yi wa yara 180 masu galahanga, wanda aka wallafa a 2020, bai nuna jinin cibiya ya fi ruwan gwaji amfani ba a kan babban abin da aka auna. Ita ma sabuwar jinyar gyaran ƙwayar gado ta sikila, Casgevy, da Ingila ta amince da ita a Nuwamban 2023, daga jinin mara lafiyar ake ɗibar ƙwayoyinta a lokacin jinya, ba daga ajiyar cibiya ba. Farashinta a Amurka dala miliyan 2.2 ne, in ma wani yana tambaya.

Gidan da ke da mai sikila

Nan maganar ta shafe mu kai tsaye. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya duk shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin yara na asibiti a lokacin hunturu ya san kukan yaron da ciwon ƙashi ya tasar wa, ya kuma san fuskar uwar da ta haddace sunayen allurai ba don ta yi karatun likita ba. Irin wannan uwa, in tana da ciki aka ce mata jinin cibiyar abin da za ta haifa zai iya raba yayansa da sikila har abada, ba ƙarya aka yi mata ba.

An gano cewa dashe yana raba mutum da sikila tun 1983, lokacin da aka yi wa wata yarinya mai sikila dashen ɓargo a asibitin St. Jude na Amurka saboda sankarar jini, sai sikilar ma ta tafi. Wani babban bincike da Farfesa Franco Locatelli ya jagoranta, aka wallafa a 2013, ya kwatanta ɓargo da jinin cibiya daga ɗan'uwan da ya dace, ya ga kusan yara 9 cikin 10 masu sikila sun rabu da cutar ta kowace hanyar. Jinin cibiya ma yana da wata falala: bai cika yi wa sabon jikin tawaye ba kamar ɓargo, kuma ba a taɓa lafiyar mai bayarwa.

Amma sai an cika sharaɗi biyu. Na farko, jaririn kada ya zama SS. Idan uwa da uba duk AS ne, kowane ciki yana da damar 3 cikin 4 ta tsira daga SS, kuma mai AS yana iya bayarwa. Na biyu, alamomin jikinsa, waɗanda ake gani a gwajin HLA, su dace da na yayan gaba ɗaya. Damar wannan 1 cikin 4 ce. Gadon biyu ba tare suke tafiya ba, don haka in aka haɗa, damar ta koma 3 cikin 16. Wato a cikin gidaje biyar da suka ɗibi jinin da wannan niyya, da ƙyar gida ɗaya zai dace.

Kuma wannan lissafin na shaƙiƙai ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Takardun tallan da aka rubuta a Landan ba su san gidan mata biyu ko uku ba. In uwargida ce ke da mai sikila, amarya ce ke da ciki, jinin cibiyar ɗan amarya ba zai dace da ɗan uwargida gaba ɗaya ba, sai dai a wani yanayi na nadiri, kamar in matan biyu dangin juna ne na kusa. Ta wajen uba kawai suka haɗu, iyakar abin da za a samu rabin dacewa ne. Maigidan da zai ce "ai duk jinina ne" ya yi gaskiya a wajen gado da zumunci, amma ɓargo ba haka yake lissafi ba.

Ga kuma abin da mai talla ba zai faɗa ba: in jaririn ya dace, to ya dace har ƙarshen rayuwarsa. Ba jinin cibiyar ne kaɗai damar ba. Yaron yana nan yana rarrafe a tsakar gida, ɓargonsa yana cikin ƙashinsa, in ya ɗan tasa ana iya ɗiba a ɗakin tiyata, ya murmure cikin 'yan kwanaki. Sau da yawa ma, in jakar ta yi kaɗan, likitoci kan ƙara da ɓargon wannan ƙanen. Dashen farko da aka yi a Najeriya, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011 ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, yaro ne ɗan shekara 7 mai sikila ya karɓi ɓargon yayansa. Ba a buƙaci tanki ba. Cibiyar da Gidauniyar Sikila ta Najeriya ta kafa tare da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, da tallafin ƙwararrun Jami'ar Vanderbilt, ta yi dashenta na farko a 2024.

Hanyar dashe da rabin dacewa ma ta buɗe, bayan likitocin Johns Hopkins sun nuna yadda ake danne tawayen sabon ɓargo da wani magani kwanaki kaɗan bayan dashe. Uwa da uba kullum rabi suke dacewa da ɗansu. Wannan hanya ce ta sa amfani da jinin cibiya ya ja baya a duniya cikin shekarun nan.

Saboda haka, ga gidan mai sikila, abin da hankali zai ɗauka shi ne a fara da likitan jinin da ke duba yaron, ba da wakilin kamfani ba. Shin yaron yana cikin waɗanda dashe ya dace da su? A wane asibiti za a yi? Asibitin zai karɓi jaka daga wannan bankin? Akwai kuɗin dashen kansa, wanda ke cin miliyoyi masu yawa ko a gida, balle a Indiya? In amsoshin sun yi daɗi, a ɗiba, a gwada jinotayif da HLA na jaririn a makonnin farko. In bai dace ba, a tsaya nan. Biyan shekara ɗaya ko biyu da ranar dashe a gaba dabam yake da biyan shekara 20 ba ranar komai.

Daga Lawanti zuwa tanki

Jinin cibiya ba ya jira. Ƙa'idar ita ce a sarrafa shi a daskarar cikin awa 48, wasu bankuna su ja zuwa 72, kuma kowace awa ƙwayoyi suna mutuwa. Naƙuda ba ta duba jadawalin jirgi. Matar da ta haihu da daren Juma'a a Gombe, sai an sami ma'aikaciyar da ta iya ɗibar ba tare da ƙwayar cuta ta shiga jakar ba, sai akwatin ya isa filin jirgin Lawanti ko ya bi mota zuwa Abuja ko Kano cikin zafin bazara, sai ya tsallake takardun fitar da kaya, sai ya kama jirgin ƙetare. In lokacin ƙurar hunturu ne aka soke tashin jirgi, shi ke nan. Iyaye ba su da hanyar ganin abin da ya isa, sai abin da takardar kamfani ta ce.

In ya isa lafiya, daskarewar kanta ba matsala ba ce. Broxmeyer ya narkar da jinin da ya shekara fiye da 20 ya tarar ƙwayoyin suna aiki. Matsalar ita ce ko kamfanin zai kai shekara 20. A 2019 Cryo-Save, wanda yake cikin manyan bankunan kuɗi na Turai, ya durƙushe a Suwizalan. An kwashe ajiyar dubban ɗaruruwan iyalai zuwa birnin Warso na Folan, iyaye da yawa suka yi watanni suna neman inda jinin 'ya'yansu yake. A Nuwamban 2023 Ma'aikatar Lafiya ta Singafo ta bayyana cewa tankuna 7 cikin 22 na kamfanin Cordlife sun yi ɗumin da ya wuce ƙa'ida, wasu tun 2020. Jakunkuna kusan 2,200 sun lalace a tanki ɗaya, daga baya aka ƙara wasu kusan 5,300. Iyayen suna ta biya duk tsawon lokacin. Wannan Singafo ce fa, inda wuta ba ta ɗaukewa kuma hukuma tana da haƙora. Magidanci daga Tudun Wada wace kotu zai je, da wane lauya?

Minti ukun farko

Akwai wani farashin da ba a rubuta shi a takarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a gaggauta ɗaure cibiya, a jira minti 1 zuwa 3, domin jinin da ke cikin mabiyiya ya gangara jikin jariri. Wannan yana ƙara masa sinadarin ƙarfe da zai riƙe shi watannin farko. Iya jinkirin, iya raguwar abin da zai shiga jakar banki. A ƙasar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na ƙananan yara suna da ƙarancin jini, jaririn da kansa shi ne ya fi kowa buƙatar wannan jinin, kuma a ranar. Wannan binciken ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti, a arewa maso gabas kuwa wajen 1 cikin 4. Ga sauran, maganar cibiya ba ta banki ba ce, ta reza mai tsabta ce da man kulohezidin da ake shafawa don kada ta ruɓe.

Ta fuskar addini ba a rufe ƙofa ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2003, ta halatta amfani da ƙwayoyin asali daga mabiyiya da igiyar cibiya in iyaye sun yarda. Jinin kawai ake zuƙewa, goggo za ta karɓi ledarta kamar kullum.

Hujjar da ta fi ƙarfi

Kamfanonin suna da hujja ɗaya da ba za a yi watsi da ita ba. Baƙar fata yana shan wuya wajen samun wanda ya dace da shi a rumbunan duniya. Wani bincike na 2014 a Amurka ya nuna Bature yana da damar kusan kashi 75 cikin 100 ta samun cikakken dacewa a rajistar masu ba da ɓargo, baƙar fata kuwa ƙasa da kashi 20. Sai su ce: tunda ba wanda ya ajiye muku, ku ajiye wa kanku.

Amma jaka ɗaya a kulle da sunan yaro ɗaya ba ta toshe wannan giɓin. Seun Adebiyi, ɗan Najeriya da ya karanta lauya a Jami'ar Yale, ya kamu da sankarar jini a 2009, ya nemi mai ba shi ɓargo ya rasa. Jinin cibiyar da wata uwa ta bayar sadaka ne ya cece shi. Da ya tashi, bai buɗe kamfanin ajiya ba, rajistar masu ba da ɓargo ya taimaka aka kafa a Inugu a 2012. Ko a Indiya, kamfanin LifeCell ya koma tsarin da masu ajiya ke tarayya a rumbu ɗaya tun 2017, wanda shi kansa amincewa ne cewa jinin wani ya fi naka yiwuwar yi maka amfani.

Kafin a kai ga bankin jinin cibiya na jama'a, wanda ke cin kuɗi ƙwarai, akwai bankin jini na yau da kullum da bai cika ba. Abin da ake tarawa a Najeriya bai kai rabin buƙata ba, shi ya sa har yanzu ake cewa dangi su kawo mai ba da jini kafin a ƙara wa yaro. Farfesa Saleh Yuguda, likitan jini daga Asibitin Koyarwa na Tarayya na Gombe, shi aka ɗora wa shugabancin hukumar jini ta ƙasa, kuma wannan giɓin shi ne babban aikin da ke gabanta. Mai sikila zai buƙaci ledar jini sau da yawa kafin ya taɓa jin sunan dashe.

Kuɗin ajiyar shekara ɗaya ma yana da wuraren da aka tabbatar yana aiki. Tun 1986 aka nuna cewa ba ƙananan yara masu sikila fenisilin kullum yana rage mummunar cutar jini da kashi 84 cikin 100. In ba a yi riga-kafi ba, wajen 1 cikin 10 na masu SS kan sami shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20. A Kano da Kaduna, a asibitocin Aminu Kano da Murtala Muhammad da Barau Dikko, likitoci irin su Shehu Umar Abdullahi da Najibah Galadanci tare da Michael DeBaun sun auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yara da na'ura, suka ɗora waɗanda ke cikin haɗari a kan maganin haidiroksiyuriya. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo na maganin yana kare yaran. Ga gwajin jinotayif kafin aure, wanda Kano ta mayar da shi doka a 2024, wanda kuma bai kai kuɗin ankon biki ba.

Wanda ya riga ya fara biya

Shi kuma ba sai ya yanke hukunci cikin fushi ko tsoro ba. Ya nemi kamfanin ya ba shi a rubuce adadin ƙwayoyin da ke cikin jakar da kason da ke raye lokacin daskarewa, ya kai wa likitan jini ya tambaye shi har nauyin kilo nawa wannan jakar za ta ɗauka. Yaro ɗan shekara 12 mai yiwuwa ya riga ya fi ƙarfin ajiyarsa. Ya duba ko bankin yana da shaidar hukumomin tantancewa irin su AABB ko FACT, ya karanta abin da yarjejeniya ta ce in kamfanin ya karye ko aka sayar da shi, da kuma wa zai biya kuɗin kai jakar a daskare zuwa asibitin dashe. Tayin biyan shekara 20 a dunƙule yana da sauƙi a lissafi, amma da yawa cikin iyalan Cryo-Save haka suka biya.

In a gidan akwai mai sikila ko wata cutar ɓargo, shaƙiƙin mai jinin, kuma gwajin HLA ya nuna sun dace, a ci gaba da biya, a kuma matsa a sa ranar dashe, domin sakamakon ya fi kyau tun yaron yana ƙarami, kafin cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. In ba a taɓa yin gwajin HLA ɗin ba, a yi shi kafin takardar biyan baɗi ta iso.